Ƙarfen Ƙafar Yaya Hajo

Ranar sunan ɗan Bashir ina zaune a falo, ƙafa ta kumbura ban iya fita rumfa ba, sai na jiyo shi ta taga yana ba abokansa labarina. Wai babansa ne ya shiga gidansu na Basirka da tsakar rana, ya sa aka fasa ƙarfen da aka ɗaure Goggo Hajo da shi, ya saɓo ta a kafaɗa, gari ya fito yana kallo ba mai iya ko tari. Ni da ko buhun gero ban sake ɗauka ba tun da na shiga makarantar kwana. Bayan kwana biyu kuma Safiya ta dawo daga biki a Gwaram tana kumbure-kumbure, wai 'ya'yan Baffa Sale sun gaya mata ubanta ne ya tona wa gidansu asiri, ya ci mutuncin yayansa a gaban maƙwabta don a san shi ɗan boko ne. Labari biyu ke nan, kuma duka biyun haushi suke ba ni, na Bashir ma ya fi, don shi da murmushi yake faɗa. Shi ya sa na zauna in rubuta muku wannan da hannuna. Kada ku nemi jerin makarantu da shekaru a ciki. Suna cikin takardar da aka karanta ranar da na yi ritaya, wadda ta yabe ni har na fara waige ko wani ake nufi.

Lokacin da na dawo Birnin Kudu da takardar likitan ƙwaƙwalwa, babu mai irin aikin a duk yankinmu. Aka ba ni ɗakuna biyu can ƙarshen asibiti, bayan wurin wanki, da ma'aikaciyar jinya guda, Sista Rifkatu, mutuniyar kudancin Bauchi, mace mai faɗar gaskiya ko ba a tambaye ta ba. A gari ba wanda ya wahalar da bakinsa da dogon suna, likitan mahaukata kawai ake ce mini, wasu ma suna ganin zama da su ya fara taɓa ni. Babban abin da na yi ta fama da shi ba aljanu ba ne, ba kuma bokaye ba, aike ne. A wajenmu idan mutum ya sami taɓuwa, musamman mace, ba a kai shi gaban mai magani. Sai a nemi dattijo mai riƙe sirri a tura shi, ya je ya yi bayani, a ƙulla masa magani ya dawo da shi. Haka ake yi da malamai, haka ake yi da masu saiwa tun kakanni, to don me za a ƙi yi da ni? Kullum sai in tarar da lafiyayyun mutane sun cika benci, kowa da ciwon wani a bakinsa. Na kafa doka, na sa aka rubuta ta a allo da boko da ajami aka rataye a ƙofa: ba magani sai an ga mara lafiya. Na yi faɗa da dagatai a kan allon nan, na yi da limamai, har da wani mai kuɗi da ya zo da mota biyu. Ina taƙama da shi ƙwarai a lokacin.

Aikina na biyu shi ne wanda kuka tashi kuka ga ya cinye muku falo da kwalaye. Duk Asabar nakan ɗaure rikoda a bayan babur in shiga ƙauyuka, Unguwar Ya, Sundimina, ƙasar Gwaram har Basirka, ina neman tsofaffi su gaya mini yadda ake yi da masu taɓin hankali kafin zuwan asibiti. Wa yake ba da magani, me ake turarawa, wa ake sa wa turu, gungumen icen nan da ake zura ƙafa a ciki, wa ake sa wa mari, wato ƙarfen nan da ake haɗa ƙafafu biyu da shi. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a wajenmu, masu sani kuma suna ta mutuwa. Ban yi nadamar aikin ba har gobe. Amma na yi wauta guda. An gayyace ni gidan rediyo, na ba da labarin wani mutum da ya yi shekaru a turu. Ban faɗi sunansa ba, ban faɗi garinsu ba, na dai ce mahauci ne mai yatsu shida a hannun hagu, gidansa yana kallon masallaci. Ni a tunanina na rufa masa asiri ke nan. Kafin la'asar garinsu ya gama sanin wanda ake nufi, jikokinsa suka yi sati ba su leƙa kasuwa ba. Daga ranar mutanen gidanmu suka yanke cewa duk abin da ya shiga kunnena sai ya shiga akwatin nan, daga akwati kuma sai duniya. Ba wanda ya gaya mini haka. Na dai lura in na shiga zaure sai hira ta koma kan damina da tsadar taki.

Yanzu Yaya Hajo, wadda kuke kira Goggo. Ku kun san ta tsohuwa, tana cusa muku ƙuli-ƙuli a aljihu tana zagin ku da raki. Ni ita ce uwata, don Inna ta rasu ba a daɗe da yaye ni ba. Ita ta goya ni tana yarinya, ita ta ɗinka mini jakar makaranta da tsohon zanenta. A shekarar da nake ba ku labari mijinta ya rasu da bazara. Na je ta'aziyya, na durƙusa a bakin ƙofa na gaishe ta ta bayan asabari, ta amsa, na ji muryar tana rawa na ce kuka ne. Da ta fita takaba sai babban yayanmu, Yaya Sale, wanda ya gaji riƙon gida bayan Baba, ya dawo da ita Basirka. Iyakar abin da na sani ke nan.

Ana cikin kaka Malam Buba ya zo ofishina. Malam Buba aminin Baba ne, tsohon malamin firamare, shi ya ja hannuna ya kai ni aji ɗaya lokacin da Baba yake cewa kiwo ya fi. Rabin tsofaffin da na ɗauka a kaset kuma shi ya raka ni wurinsu. Ya cire takalmi a ƙofa, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa, dattijo da furfurarsa a gaban wanda ya koya wa baƙi da wasali. Ya ce wata 'yar'uwar matarsa ce a Sundimina, sunanta Talatu, ba ta barci, tana surutu ita kaɗai, ba ta son mutane, abu kaɗan sai faɗa da kuka. Na nuna masa allon. Ya ce ya karanta, ai shi ya koya mini karatu. Amma mijinta ya tafi ci-rani, ba a fitar da ita sai da izininsa, gidan kuma na masu kunya ne. Har ya mutu bai taɓa ce mini likita ba, da sunan gida yake kirana.

"Ɗanlami, ban taɓa roƙonka komai ba. Kada ka bar ni in koma hannu rabbana."

Sista Rifkatu tana tsaye da kati a hannu. Da ya fita yin alwala ta matso kusa da tebur.

"Likita, jiya jiya ka kori mai unguwa a kan irin wannan. In za ka ba shi, mu sauke allon kawai mu huta."

Na ce ta buɗe kati ta rubuta Talatu Sundimina. Ta rubuta, ta ajiye biro da ƙarfi. Na ɗauko ƙwayar da muke ba masu tsananin ruɗewa, na zuba ta wata guda a ambulan, na rubuta yadda za a sha da hannuna, don kada dattijo ya je ɗakin magani a yi ta yi masa tambayoyi.

Duk wata sai ya dawo. In tambaye shi mai jiki, ya ce da sauƙi. Ni da aka haifa a Basirka, na san mutuminmu ko ana shirin haƙa masa kabari ka tambayi jiki, da sauƙi za a ce maka, amma na ɗauki biro na rubuta a kati wai tana samun sauƙi. Sai ya gyara zama ya ce sai dai fa yawo, ba ta iya zama wuri guda, tana ta kai da kawowa. Wannan maganar ita ce ya kamata ta tashe ni tsaye. Ƙwayar nan tana da wani mugun hali ga wasu mutane, takan sa wa ƙafafu wani irin zafi da ƙaiƙayi daga ciki, mutum ya kasa zama, ya kasa kwanciya, sai tafiya ko ina ne. Na san haka, na koya wa ɗalibai haka. Amma da yake bayani nake ji, ba mutum nake gani ba, sai na ɗauka ciwon ne yake ƙaruwa, na ƙara yawan ƙwayar. Wata na gaba ya ce yawon ya fi na da. Na sake ƙarawa. Wata na uku ya ce Alhamdu lillahi yanzu ba ta fita, na ji daɗi, ban tambayi abin da ya hana ta ba.

A tsakanin nan sau uku ina zuwa gida. Duk zuwa in na tambayi Yaya Hajo sai Yaya Sale ya ce tana wajen Ningi, gidan babbar 'yarta da ta haihu. A zuwa na uku na ce wannan jego ya yi tsawo, aka yi dariya, aka kawo fura. Uwarku ce ma ta ce mini ita ba ta yarda ba, Yaya ba ta taɓa yin wata biyu ba ta aiko mana da daddawa ba. Na ce ta cika zargi.

A maƙera asirin ya tonu. Akwai tsohon maƙeri a Basirka, Ɗan'azumi, wanda ubansa da kakansa su suke ƙera mari a duk yankin, na daɗe ina so in ɗauki muryarsa. Wata Asabar da hantsi, zafi ya fara, na same shi a rumfarsa. Kunnensa ya yi nauyi, sai an ɗaga murya, amma ya yi mini bayani mai daɗi. Ya ce ana auna ƙafa da igiyar kaba a kawo masa awon, don shi ma ba ya ganin mai ƙafar sai ranar sawa. Ana barin wurin yatsa biyu don kada ƙarfe ya ci nama. Ba a sa makulli, ƙusa ake zurawa a doke kanta ta baje, kuma wanda ya sa shi ne yake cirewa. Ina ta murna, ina ganin babi guda ya samu. Don in rufe hirar sai na yi masa tambayar da nake yi wa kowa, yaushe rabonsa da ƙera na ƙarshe. Ina jiran ya ce tun yana saurayi.

"Na ƙarshe? Ai na gidanku ne, wata huɗu ke nan. Na zaci kai ka ce a yi, tunda maganinka take sha."

Kaset ɗin yana nan a kwali na bakwai, duk mai so ya saurara. Bayan maganar ba a jin komai sai kaji, sannan muryata tana ce masa ya ɗauko kayan aikinsa.

Daga maƙera zuwa gidanmu ba nisa, amma kafin mu kai na gane babu wata Talatu a Sundimina. Ban yi sallama ba. Na wuce Yaya Sale a zaure yana tufkar igiya, na bi bayan rumbuna zuwa ɗakin da Baba yake ajiye buhuna. A share yake tas, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga kwanon abinci a rufe. Ina faɗar wannan ne don Bashir, mai cewa cikin ƙazanta aka same ta. Tana tsaye dafe da bango, ƙafafunta suna ta taka ƙasa ɗaya bayan ɗaya kamar mai kwaɓa ƙasar gini, ƙarfen yana ƙara. An naɗe mata idon sawu da tsumma mai laushi, duk da haka ya ci. Ta rame har ban gane ta ba sai da ta yi magana.

"Ɗanlami, ka zo? An ba ka abinci?"

Na ce ta sauke mayafi. Wallahi bai kai minti biyu ba. Wuya a kumbure ta gaba, idanu sun firfito, hannu yana karkarwa, jiki sharkaf da gumi, na kama hannunta na ji jijiya tana harbawa kamar wadda ta yi gudu. Maƙoƙo ne, irin mai zafi, wanda yake hana barci, ya cinye jiki, ya birkita tunani har a ce hauka ne. Ɗalibin shekarar ƙarshe zai gane shi daga bakin ƙofa. Malam Buba bai ambaci wuya ba don bai taɓa gani ba. Wane dattijo ne zai tsaya kallon wuyan matar da ta fito daga takaba? Ya kawo mini abin da aka gaya masa, ni kuma na ba da maganin abin da ya kawo. Matar Yaya Sale ta miƙo mini ambulan, ta ce ba su taɓa tsallake ko rana ɗaya ba. Ga rubutuna a jiki.

A nan ne ya kamata in zauna a ƙasa in rufe bakina. Maimakon haka na fito tsakar gida na buɗe shi. Abin da na gaya wa Yaya Sale ba zan maimaita shi duka ba. Na kira shi jahili, na ce ya ɗaure 'yar'uwarsa kamar akuya, na ce da Baba yana da rai da ba a yi haka ba. Muryata ta kai waje, mata suka leƙo ta katanga, masu wucewa suka tsaya a ƙofa. Mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyar, wanda ban taɓa kiran sunansa gatsal ba. Ya bari na gama, sannan ya yi magana a hankali, igiyar tana hannunsa.

"Sau biyu ana dawo mana da ita daga hanyar Gwaram, ba ko takalmi. Na uku a bakin rijiya aka same ta. Maganinka mun ba ta yadda ka rubuta, ciwo sai gaba yake yi. Rubutu mun yi, hayaƙi mun yi. Ka ce in yi yaya? In kawo maka ita ka sa ta a rediyo? Tana da 'ya'ya mata biyu da ba su yi aure ba, ni ina da huɗu."

Shi bai san abin da ya faɗa ba, ni na sani. Kafin ƙwayata Yaya Hajo surutu take yi a ɗakinta, ba ta zuwa ko'ina. Ƙwayata ce ta fitar da ita hanyar Gwaram, ƙarin da na yi shi ya kai ta bakin rijiya, daga nan aka kira maƙeri. Ina tsaye na gane wannan sarai, maƙwabta suna kallo, kuma ban faɗa ba. Na juya na daka wa Ɗan'azumi tsawa ya yi aikinsa. Tsohon ya durƙusa ya yi bisimilla, ya cire ƙusoshin cikin natsuwa yana ba ta haƙuri. Ba abin da aka fasa. Da ƙafarta ta tako ta fito, matar Yaya Sale tana riƙe da ita, muka sa ta a motar haya da aka tsayar mana a bakin titi.

Na kawo ta gidanmu na Birnin Kudu, ɗakin da ya zama na Safiya daga baya, na tsayar da ƙwayar. Sista Rifkatu ta zo ta ɗebi jini aka kai Kano awo. Ta dubi ƙafafun, ta ciro katin Talatu daga jakarta ta miƙa mini, kuma har ta yi ritaya ba ta taɓa tayar da zancen ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cikin mako biyu ƙafafu suka kwanta. Maganin maƙoƙo ya ɗauki watanni, amma kafin girbi Yaya Hajo tana zaune a kicin tana koya wa uwarku miyar kuka kamar ba ta iya ba. Da ta ji ƙarfi ta ɗaure kayanta ta ce Basirka za ta koma. Na yi faɗa, na yi lallashi, ta ce ita ba a birni aka binne iyayenta ba, kuma Sale ba shi da mai yi masa fura yadda yake so. Gidan da aka ɗaure ta, can ta koma da ƙafarta.

Abin da Yaya Sale ya ji tsoro kuwa ya faru, amma ba ta rediyo ba, ta bakina a tsakar gida. Masu neman 'yar Yaya Hajo ta biyu suka aiko a mayar musu da kayansu, wai ciwon yana bin jini. Na je har gidansu da takardar awo ina bayanin maƙoƙo, suka ba ni ruwa, suka yi mini godiya, ba su dawo ba. Sai bayan shekara uku ta yi aure. Malam Buba ya daina raka ni ƙauyuka. Yaya Sale kuma bai sake taka gidana ba. Mukan haɗu a jana'iza ko idi, hannu kawai. Gari ya rabu biyu, masu cewa ya yi zalunci da masu cewa na yi rashin kunya. Ba mai cewa likita ya ba da maganin da ba shi ba, don ba wanda ya sani. Shekara goma sha ɗaya ina shirin gaya masa. Kullum sai in ce sai ya ɗan sassauto, sai bayan azumi, sai mun haɗu mu biyu. Ina wani taro a Kano aka yi mini waya ya rasu. Har ya koma ga Allah yana ɗauka shi ne ya kasa riƙe ƙanwarsa, kuma wannan bakin cikin bai bar ni ba har yau.

Saboda haka in na ga ɗayanku yana ɗaga wa 'ya'yan Baffa Sale hanci raina yakan ɓaci. Kuna da digiri a jere, amma ba wanda ya taɓa tambayata yadda aka yi likitan ƙwaƙwalwa guda a yankin nan bai san yayarsa tana ɗaure wata huɗu ba. Tambaya ce da ɗan aji uku zai yi. Su ma na Basirka kada su ji daɗi, don har gobe ina jin haushin mutanen da za su aiko wa ɗan'uwansu ciwon yayarsa da sunan wata, su kuma kawo masa fura yana zaune taku ashirin daga ɗakinta. Littafin nan nawa da kuke nuna wa baƙi, in kun taɓa buɗe shi, a babin aike akwai labarin wani likita a wata ƙasa da ya ba da magani bai ga mara lafiya ba. Ni ne. Ko a can ban iya faɗa kai tsaye ba.

Mutum ɗaya na gaya wa kafin ku, ita Yaya Hajo. Ranar sadakar ukun Yaya Sale ne, bayan la'asar, jama'a sun ragu. Na same ta a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa a ƙwarya. Na zauna a ƙasa kusa da ita, na ce akwai maganar da ta daɗe tana cin raina. Na faɗa mata duka, tun daga zuwan Malam Buba, da katin Talatu, da ƙarin da na yi sau biyu, da abin da ƙwayar take yi wa ƙafa. Na ce ba ciwonta ne ya jawo ƙarfen ba, ba kuma Yaya Sale ba ne, ni ne. Ina magana hannunta bai tsaya ba. Da na gama ta hure ɓawon da ke tafinta.

"Ai na san maganin ne. Duk na sha sai ƙafafun su kama da wuta."

Na tambaye ta me ya hana ta tofarwa, me ya hana ta gaya wa Yaya Sale. Ta dube ni kamar na yi tambayar yara.

"To ba rubutunka ba ne a jikin takardar? Ban iya karatu ba, amma na san hannunka tun kana zane a ƙasa da tsinke. Na ce tunda Ɗanlami ne ya bayar, ko da zafi akwai dalili. In na faɗa kuma sai a ce ƙanina bai iya aikinsa ba."

Ta turo mini ƙwaryar, ta ce tunda na zo na zauna in taya ta ɓara, gobe akwai baƙi. Na taya ta har aka kira magariba.